Hodar da na haɗa wa Balki

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Balki ta rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina shiga biro, wato ofishinmu, a unguwar Plateau ta Yamai, ko jaka ban ajiye ba. Kuma ba kirana aka yi ba. A status na gani, status ɗin Ramatu tela.

Hoton Balki ne da shuɗin gyale tana dariya, a ƙasa an rubuta: "Kin tafi kin bar ni, 'yar uwata."

Kin bar ni. Na karanta, na sake karantawa. Kafin hawaye ya zo wani abu ya riga shi tasowa ya tokare mini maƙoshi, kuma zan faɗi sunansa ko da za ku zage ni. Kishi ne. An ce kishi kumallon mata, amma ban san har gaban gawa yana tasowa ba sai yau.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Balkisa mai kwalliya ce a unguwar Banifandou, 'yar Tahoua. Da wuya ka sami wadda ta yi aure a ma'aikatarmu fuskarta ba ta bi ta hannun Balki ba. Ni kuma ƙawarta ce tun muna 'yan makaranta sabbin zuwa Yamai, ni daga Maradi, ita daga Tahoua. Ɗaki ɗaya, katifa ɗaya, tukunya ɗaya. Har takalmi ɗaya mun taɓa yi, duk wadda ta riga tashi ita ce mai shi.

Ramatu kuwa bara waccan ta zo daga Zinder ta kama shagon da ke jikin na Balki. Ban ce muguwa ce ba. Ɗinkinta ma ba laifi, in ban da ta cika son leshi. Amma dai jiya-jiya ta zo.

Balki ce ta raba ni da kunyar fuskata. Ni mai maiƙon fuska ce, ga ƙuraje. A da, in na shafa fondetan, man kwalliyar nan na rufe fuska, da safe, kafin azahar na narke kamar man shanu a rana, wuyan rigata duk ya yi dabbare-dabbare. Wata rana ta kira ni shago ta buɗe wani ɗan gwangwani. Ta ce wannan hodar dutse ce, masu sayarwa na ce mata mineral, niƙaƙƙen dutse ne ba a haɗa shi da mai ba, zafin Yamai ba ya kwashe shi da sauri.

Na lakata zan gwada a bayan hannu, ta buge mini yatsa.

"Mi kike yi? Hannu maƙaryaci na. Kawo muƙamuƙi."

Ta ja mini layi uku a gefen haɓa, kowanne da launinsa, ta jawo ni waje bakin titi. Masu kabu-kabu na wucewa suna kallona da zane a fuska kamar sabuwar shiga bori. Na ce, Balki don Allah mu koma ciki. Ta ce fitilar shago munafuka ce, rana kaɗai take karɓar shaidarta.

"Wanda ya ɓace cikin fata, shi a naki. Wanda kike gani, na wata na."

Ko bayan nan ba ta sake ni ba. Sai da ta dafa shayi muka sha, na yi gumi, don a cewarta hoda sai ta zauna take nuna halinta, kamar baƙo.

Yawancin launukan da ake kawowa daga waje ba don fatarmu aka yi su ba, in ka shafa sai ka fito kamar an yi maka wanka da toka. Don haka Balki haɗawa take yi. Da ɗan cokali ƙarami, ta ɗebi ja, ta ƙara rawaya, ta ƙara baƙi-baƙi, har ya yi. Kowane haɗi kuma sai ta raɗa masa suna. Akwai kunun tsamiya, akwai ƙasar tukunya, wanda shi ne nata. Nawa soyayyar gyaɗa.

Ita ta koya mini riƙon buroshi. A juya shi cikin murfi, a kakkaɓe, sannan a shafa ana zagayawa, kaɗan-kaɗan. In na cika hannu sai ta ce, "Rabi, huskarki ba bango ba ce, bar yi mata henti."

Ranar sunan ɗiyata ta fari, ina kuka don kumburin fuska, ta bar amarya tana jira ta zo ta gyara ni.

Da mahaifina ya rasu, ta hau mota har Maradi. Mace mai kwalliya, ta zauna kusa da ni kwana da kwanaki ko tozali ba ta sa ba.

Da tafiya ta yi tafiya na fara taya ta aiki ranakun Asabar. Ta ce idona ya fi nata gane launi. Ban san ko gaskiya ne ko daɗin baki ba, amma na riƙe maganar kamar takardar shaida, ko mijina ya gaji da jin ta.

Sai ga Ramatu.

In na zo shago sai in tarar da su suna cin dambu a kwano ɗaya. Su yi wata dariya da ban san mafarinta ba. Balki na ce mata Ramu. Ramu! Ni da na yi shekaru ina jin munsharinta ba ta taɓa gutsure mini suna ba. Ranar da na ji ta raɗa wa haɗin Ramatu suna dabino, kasa haƙuri na yi.

Na ce, "Ita dabino, ni gyaɗa ko?"

Balki ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ke ja can. Dabino sai azumi, gyaɗa kullum ana ci."

Na yi dariya ni ma, amma ban huce ba. Daga nan in Ramatu ta gaishe ni, sama-sama nake amsawa.

Ganina da Balki na ƙarshe wata Asabar ce cikin watan jiya. Ta kira ni a talho ta ce, "Taho da idonki." Da na iso ta tura ƙofar shago, ta wanke fuska tas, ta hau kujerar da take zaunar da mutane. Tunda nake da ita ban taɓa ganinta a kujerar nan ba.

Ta ce, "Launina ya gudu. Hodata ba ta zama. Duba mini."

Na duba. Gaskiyarta. Jan nan na ƙasar tukunya ya dushe, fatar ta yi wani duhu mai toka-toka, ƙasan idon ya faɗa. Na ce, mi ya faru haka? Ta ce, ke dai duba. Na ce, hala rashin barci ne, lokacin bukukuwa ne ai. Ta kalle ni, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, hala.

Ku san abin da ke raina a lokacin. Murna. Balki da kanta, wadda amaren Yamai ke layi a ƙofarta, ta miƙa mini fuskarta. Ni ta kira. Ramatu na nan bayan bango, taku biyu, amma ni aka kira daga wani kartiye, wata unguwa can daban.

Na ja mata layi uku a muƙamuƙi, na jawo ta waje kamar yadda ta koya mini. Ta jingina da ƙofa ta ce mu yi sauri, rana ta yi mata yawa. Na tsokane ta na ce yau mai shari'a ta gaji da shaidarta. Muka koma ciki na zuba ƙwarewata duka. Na ƙara ja, na ɗan taɓa rawaya, na gwada, na sake. Na juya buroshi, na kakkaɓe, na bi fuskar a hankali har toka-tokar nan ta ɓace ɗungurungum.

Wallahi ban taɓa haɗin da ya kai wannan kyau ba.

Ta ɗauki madubi ta duba. Can ta ce, "Kin maido ni. Wa za shi gane?"

Na ce, ba wanda zai gane, ai hannun Rabi ne. Na yi dariya, ita ma ta yi. Na cika mata gwangwani guda. Na tambaye ta sunan da za mu sa wa wannan haɗin, ta ce a bar shi ba suna.

Da zan tafi na leƙa shagon Ramatu da gangan, na yi mata sallama da ƙarfi ina kaɗa buroshi. Ba ta ɗago daga keken ɗinki ba, idanunta sun yi ja. Na ce a raina, yau ke ma ki ɗanɗana.

Ɗazu na ƙetare gada zuwa unguwar Harobanda, gidan Inna, mahaifiyar Balki, wadda ta baro Tahoua ta zauna can. Na tarar maza sun dawo daga maƙabarta. Tsakar gida cike da mata. Wa zan gani zaune jikin Inna tana karɓar gaisuwa? Ramatu. Ita ta san inda tabarmi suke, ita ake tambaya ina butoci. Ni kuwa wata ce ma ta matsa mini wuri kamar baƙuwa.

Na durƙusa gaban Inna. Ta riƙe hannuna ta ce, "Rabi, ɗiyata ba ta nuna mini ciwo ba. Ko Juma'ar da ta wuce ta zo nan, huskarta shar kamar ta amarya. Na ce mata, ke kam ba ki tsufa."



Ramatu ce ta ja ni bayan ɗaki wurin randuna. Ta ce ciwon ƙoda ne, ya daɗe yana cin ta. Ita ke raka ta lopital, wato asibiti, da sassafe kafin a buɗe shago. Balki ta sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, musamman Inna mai hawan jini.

Ban ce sannu ba. Ban ce Allah ya saka ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Don me ke?"

Ta ce, "Yaya Rabi, ba zaɓata ta yi ba. Tarar da ita na yi bayan shago tana amai, ba yadda za ta yi. Kullum sai na ce ta gaya miki. Ta ce bakinta ba zai iya ba, amma ke ba sai an gaya miki ba, in ta zauna gabanki ba hoda za ki gani da kanki. Ranar da ta kira ki, shiri ta yi. Ina bayan bango ina jiran in ji kukanki. Sai na ji dariya."

Na zauna a ƙasa jikin randa.

Ramatu ta ce ranar, bayan na tafi, ta shiga ta sami Balki, ta ce bari ta bi ni ta faɗa mini. Balki ta hana. Ta ce, "Bar ta. Ta ba ni abin da ni hi buƙata. Yanzu Inna ba ta gani."

Labarin zuciya a tambayi fuska, haka Hausawa suka ce. An miƙa mini fuskar a hannu, tsirararta, a tsakiyar rana. Na ga ja ya ragu, na ga toka ta hau, na ga ido ya faɗa. Komai na gani. Sai na tambaye ta launi kawai, don hankalina na bayan bango wurin Ramatu.

Gwangwanin da na cika shi Balki ta yi ta shafawa har ƙarshe. Da shi ta je gaban uwarta, da shi ta yi wa amare kwalliya tana dariya. Ramatu ta ce duk safiya in sun fito daga lopital sai ta zauna a bayan taksi ta shafa, ta ce, "Hannun Rabi."

Ta gaya mini haka ne don in ji sanyi, na sani. Har ta ce ita ciwon ta gani, ni kuwa dariyar na samu, da ana musanya da ta yi.

Ban yarda ba. Da an ba ni zaɓi, bencin lopital ɗin nan zan ɗauka. Ni zan riƙe mata jaka, ni zan riƙe mata kai in tana amai, ni za ta yi wa tsawa in magani ya ɓata mata rai. Safiyoyin nan duka Ramatu ta same su, kuma babu inda zan je in karɓo ko ɗaya. Ina kishinta a kansu har yanzu da nake rubutun nan, ba zan yi muku ƙarya ba.

Allah ya jiƙan Balkisa. Ya Allah, baiwarKa ta yi rayuwarta tana rufe wa mata abin da suke jin kunya, Ka rufa mata asiri a kabarinta, Ka yalwata shi, Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ta ɗauka shiru ya zama kankarar zunubi. Ka ba Inna haƙuri.

Ramatu, bakina ya yi nauyi ɗazu. Ga shi nan gaban kowa: Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki ladan kowace safiya.

Duk wanda ya karanta, ko ya san ta ko bai san ta ba, don Allah ya sa Balki a addu'arsa yau, ko Ƙulhuwallahu ce. In kun gama da ita, ku ɗan roƙa mini Allah ya sauke mini abin da ke maƙoshina, don gobe da safe zan koma Harobanda, kuma kusa da Ramatu zan zauna.