Sai An Je An Tsaya An Gani

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Mista Hadli, kuma har yau ina iya lissafa waɗanda suka taru a falonsa ranar da aka dawo da shi gida. Akwai 'yarsa Madam Juliya da mijinta. Akwai Luwis mai kula da ginin, ya cire hula ya riƙe a hannu. Akwai wani dogon Bature da ya zo takanas daga Ingila, daga kamfanin da ke buga littattafansa. Sai ni, Hajiya Zuwaira, mai jinyarsa. Shi kuwa yana kan tebur, cikin wani ɗan tulu mai murfi da bai kai tukunyar miyata girma ba.

Ban yi boko ba. 'Yata Balki ce ke rubuta wannan, ina kallon hannunta, kuma na hana ta gyara mini magana.

Ejensi ce, kamfanin da ke samar da masu jinya, ta tura ni wurinsa. Ni ina unguwar Highbridge, shi yana ƙetaren kogi, inda 'yarsa ta ɗauko shi daga Ingila ta ajiye da tsufa ya kama shi, ido ya fara rufewa. Aikinsa duk tsawon rayuwarsa bin gine-gine ne. A ƙasarsu akwai wasu littattafai, kowane yanki da nasa, waɗanda matafiyi ke sawa a aljihu don ya san wa ya gina wannan coci, yaushe aka ƙara wa wancan gida hasumiya. Ya fara da rubuta ɗaya, ya ƙare shi ne babban da ke duba na kowa kafin a buga. Da aka yi mini bayani, na gaya masa da Turancina na kasuwa cewa wannan sana'ar marasa aikin yi ce. Ya yi dariya har ya sarƙe, sai da na bubbuga masa baya.

Doka ɗaya gare shi, kuma ya ɗora ta a kan duk wanda ya yi aiki ƙarƙashinsa. Ba a sa gini a littafi sai an je an tsaya gabansa. Ba a kuma cire shi sai an je an tsaya an ga babu shi. Ko an aiko da hoto, ko jarida ta buga an rushe, sai ya tuƙa mota cikin ruwan sama ya je filin, ya dubi ƙasar, ya faɗa da bakinsa: "Babu shi." Sannan ya koma ya soke.

Da ido ya ƙi, ni na zama idonsa. Bayan karin kumallo sai in tura shi a kekensa na guragu mu bi unguwa.

"Hajja, faɗa mini." Haka harshensa ya iya sunana.

"Gida ne."

"Fara daga ƙasa."

"Dutse ne a ƙasa, baƙi, karnuka sun gama da shi. Sai jan bulo. Sai tagogi masu gira."

"Gira?"

"Ka ce in faɗi abin da na gani, tsoho. Gira na gani."

Sai ya miƙa hannu in matsa da shi, ya dafa bangon kamar mai jin zazzaɓi a goshin yaro. In mun koma in wanke masa hannun ina faɗa.

Wata rana ya tambaye ni gidanmu. Na kwatanta masa gidan mahaifina a Damagaram, zaure biyu, soro mai zanko, yadda magini ke zuwa yaɓe bayan damina. Na ce ai gidan ya faɗi, ƙanena ya gaya mini ta waya.

"Kin je kin gani?"

"A'a."

"To yana nan tsaye."

Na ji haushinsa ranar, ban sake yi masa magana ba har na tashi aiki. Amma tun daga lokacin, in na rufe ido sai in shiga zauren nan, in ji sanyin ƙasarsa a tafin ƙafata.

Ranar Juma'a ya rasu, ranar hutuna. Da na zo Asabar an riga an tafi da shi. Kafin in gama fahimtar abin da ake ciki an ƙona shi, wai shi ya bar wasiyyar haka. A wurinmu mace ba ta zuwa maƙabarta, amma tana ganin makara ta fita ta ƙofa, tana jin salati yana nisa. Akwai uku, akwai bakwai, akwai arba'in, hannu na aiki har zuciya ta yarda. Na tambayi limamin masallacinmu me zan yi wa mutumin da ba Musulmi ba, ya ce mini cikin sauƙin murya in bar shi da Mahaliccinsa. Ban yi musu ba. Sai dai an bar ni da hannu biyu ba abin yi.

Shi ya sa a falon nan, da Madam Juliya ta miƙo mini tulun ta ce, "Hajja, riƙe shi, ya fi jin maganarki," na mayar da hannuwana baya. Na ce mata ta yi haƙuri, na daɗe ina ɗaga mutumin nan, na san nauyinsa, wannan ba shi ba ne. Dogon Baturen ya ce a sabon bugu za a rubuta shekarar rasuwarsa. Na tambaye shi ko ya gan shi. Ya ce a'a, waya aka yi masa. Can ya ce, "Shi ma abin da zai tambaya ke nan."

Yau ina tunanin me zai ce da garin nan. Tsohuwar gadar dutse da ke tsakanin unguwarsa da tawa, wadda aka rufe shekaru da yawa, yake ta son takawa bai samu ba, an buɗe ta bayan rasuwarsa. Na taka ta ni kaɗai, na dafa ƙarfenta, na tsinci bakina yana motsi. Gine-ginen gilashi sun fara tsiro bakin kogi, ba su da gira, ba inda za ka fara faɗa. Mutane kuma duk kansu a ƙasa yake, cikin waya, waya ce ke gaya musu abin da ke gabansu. Ina jin da sai ya ce in tura shi gaba.

Me ya rage daga gare shi? Littattafai, Madam ta ba ni ɗaya, yana kan kabet, ba na iya karanta shi. Sai ciwon wuya, don ba na iya wuce gini ban ɗaga kai ba. Sai kuma wannan: a tashar bas nakan hango farin kai an ɗaga shi sama, in tsallaka titi da sauri, in tarar wani ne. Balki ta ce in ga likita. Na san abin da ke damuna, ba na likita ba ne.

Washegarin ranar tulun, na tashi na shiga bas a lokacin da na saba. Na karɓi makulli wurin Luwis. Na yanke shawara tunda ba ni da tawa hanyar sallamarsa, zan sallame shi da tasa: in tsaya, in duba, in faɗa. Na shiga ɗakin, na tsaya gaban gadon. Na fara daga ƙasa. Takalmansa na nan a jere, kekensa a jingine da bango, katifa ba zani. Na dafa ƙarfen gadon, na buɗe baki in ce babu shi.

Sai na ji muryata tana cewa, "Katako ne a ƙasa, tsoho. Taga biyu, suna kallon kogi. Rana ta fito."

Na tsaya ina jira ya ce sai me. Daga nan na kulle ƙofa, na mayar wa Luwis makullinsa.