Lawali ya yi magana yau

Jama'ar gida, Lawali ya yi magana yau! Ɗiyata Hadiza ce ke rubuta mani, ni har yanzu kuka nake.

Kun san tun ranar da aka harbe maigidana Malam a gona kan idon Lawali, ɗana bai sake cewa uffan ba. Kullum sai wasan faɗan nan na waya.

Ɗazu bayan la'asar ina tsintar wake, abokinsa Sabi'u ya zo suka haɗa wasa. Sabi'u ya zaɓi wani dogo mai zara-zaran hannuwa. Na Lawali gajere ne, kafin ya matso an make shi. Sau biyar ana kayar da shi! Sabi'u ya ce, "Sake mutum mana, wannan guntun bai iya ja da dogo!" Lawali ya ƙi.

Na leƙa. Wallahi gajeren nan tsayuwar Malam ce sak, lokacin yana dambe a Daudawa da kaka!

Ban ankara ba sai na ce wa Lawali, "Kar ka bi shi. Bari ya kawo duka, ka duƙa, ka shige ƙirjinsa. Dogo bai iya faɗan kusa."

Ya duƙa, ya shige, dogo ya zube!

Sabi'u ya ce, "Kai! Inna, ina kika koyo wannan?"

Lawali ya aje wayar, ya dube ni. Murya a dushe ya ce, "Inna, haka Baba yake yi?"

Na ce, "Haka yake yi, Allah ya jiƙansa."

Ya ce, "Ba ni labarin."

Waken na nan a faifai, ban ƙarasa ba.