Garar da Ta Ci Rumbun Arzika

Ranar wata Asabar ce, jajibirin kasuwar Filinge, cikin bazarar shekarar da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko. Rana ta take, malaminmu, da muke ce wa mushe, ya sallame mu, muka zubar da allunanmu a gindin gawon ƙofar gidanmu muka fara wasan ɓuya. Kullum ni ake fara kamawa, don ba ni da haƙurin zama wuri guda, har Idi ɗan maƙwabcinmu yake ce mani Zakara. Ran nan na rantse babu mai ganina. Na zagaya bayan ɗakin Inna, inda rumbun Baba yake zaune bisa duwatsu, babban rumbun laka mai hular ciyawa, na jingina tsani na hau, na ture hular, na dira ciki. Na sa ran in faɗa kan damman gero, ƙaiƙayi ya cika mani wuya. Sai na ji ƙafafuna sun bugi daɓe. Da idona ya saba da duhu na duba ko'ina: kashin ɓera, ƙura, da wani ɗan buhu na tsaba jingine a gefe, wanda ko ni zan iya ɗauka. Mamaki ya sa na manta da wasan. Na taka itatuwan da ke kafe a bango na leƙo kai waje, na buɗe murya iyakar ƙarfina: "Idi! Ku zo ku gani, rumbun Baba ba komi ciki!"

Matan gidan su Idi suna daka a bayan darni. Har yau ina jin yadda taɓaren suka tsaya lokaci guda.

Sai na faɗi ko wane ne Baba kafin a gane girman abin da na yi. Sunansa Abdu, manomi ne kamar kowa a ƙasarmu ta Kurfai, amma kuma mai masauki ne. Duk jajibirin kasuwa makiyaya daga wajen Sanam da Abala, Filani da Buzaye, sukan koro dabbobinsu su sauka gidanmu. Su ɗaure a bayan gida, mu yara mu ɗebo masu ruwa daga rijiya mu zuba wa dabbobin harawa, Inna ta dama hura ta tuƙa tuwo da miyar kuka, su kwana a rumfa. Da safe Baba ya raka su kasuwa, ya tsaya masu a ciniki, shi ne shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce. Ba shi da wani jari sai sunansa. Daga Sanam har Imanan an san cewa ba a kwana da yunwa a gidan Abdu, kuma maganar da ya faɗa a kasuwa ita ce. To daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke gero na fidda kai, fara ta zo ta ƙarasa sauran. Kowa ya jigata. Mu kanmu a cikin gida mun koma cin kopto, wato dafaffen ganye, da ɗan gari kaɗan, wata rana anza da Inna ta jiƙa har ɗacinta ya fita. Amma tuwon baƙi bai ragu ba. Duk safiya Baba yakan hau rumbu da buhu a kafaɗa ya sauko da tsaba, mu kuwa muna ɗauka tattali ne kawai ya sa ake ƙuntata mana. A ƙasarmu mace ko yaro ba sa leƙa rumbun maigida. Sai daga baya na sani, ya sayar da ragon Inna da babbar rigarsa ta Sallah, yana auno gero tiya tiya, yana kai shi rumbu don a ga daga can ya fito.

Baba ne ya zo ya riƙe mani tsani. Na jira mari, na runtse ido. Abin da ya ce kawai shi ne, "Sauko sannu, kar ka hwaɗi." Ya mayar da hular rumbun ya gyara mata zama, ya tafi masallaci. Da ya doke ni da na fi samun sauƙi.

A bakin Kaka, mahaifiyar Baba, na fara jin kalmar da kyau. Tana zaune tana kaɗi, ta ajiye mazari ta ce, "Yau an yi muna fallasa, kuma ɗan gida ya yi ta." Da ma ina jin kalmar ba na kula. Inna in ta idar da salla takan ce, "Allah ka raba mu da fallasar duniya da ta lahira." In mata sun yi faɗa a bakin rijiya, wata takan ce wa wata, "Ki kiyaye ni, kar in fallasa ki." Na ɗauka wani zagi ne na manya. Kaka ta zaunar da ni kusa da ita ta bambanta mani. Ta ce kunya abin ado ce, ita ke sa yaro ya sunkuyar da kai gaban manya. In ka ji kunya kai kaɗai ka sani, kuma takan wuce. Fallasa kuwa sai da idon mutane take samuwa, an yaye abin da mutum ya rufe, kuma ba shi da ikon mayar da shi. "Ɗiyana bai yi sata ba, bai ci amana ba," in ji ta, "amma yau kowa na kallon cikin rumbunai."

Da la'asar Baba ya sa na share rumfa na shimfiɗa tabarmi kamar kullum. Ya zauna a ƙofa da carbinsa. Garken farko ya ɓullo daga hanyar arewa, na gane mai shi, wani dogon Bafilace da ya daɗe yana sauka gidanmu. Ya tsaya ya gaida Baba da kyau, ya tambayi iyali, ya ce yau yana sauri ne, ya wuce gidan wani mai masauki a bakin kasuwa. Labari ya riga ya tarye su tun a rijiyar bayan gari. Haka na biyu, haka na uku. Ba raini ya sa suka wuce ba, tausayi ne, ba sa son su ci abincin yaran mutum. Amma wannan tausayin shi ne ya fi yi wa Baba ciwo. Mai masaukin da ake jin tausayinsa ba ya tsaya wa kowa a ciniki. Magariba ta yi, tuwon da Inna ta tuƙa ya huce a akushi, na naɗe tabarmin ban yarda mun haɗa ido da Baba ba. A lakwal kuwa yara suka samu waƙa. In na shigo sai su buga allo su ce, "Ba komi ciki!" Na yi dambe da Idi har hancinsa ya fashe, alhali shi bai yi komi ba. Bakina ne.

Asabar ta zagayo, Baba ya sake cewa in shimfiɗa tabarmi. Inna ta ce, "Malam, wa za ya zo?" Ya ce, "A shimfiɗa dai." Ina cikin shara na ji kukan jakai da muryar mutum yana faɗa tun daga nesa. Arzika ne, abokin Baba tun suna kiwon awaki, manomi daga wani ƙauye wajen Imanan. Mutanensu na riƙe da al'adar kakanni, gidansu gidan bori ne, shi ya sa wasu a gari ba sa sakin jiki da shi. Gonarsa tana cikin fadama, ya ɗan samu abin da ya samu. Ya biyo ta tsakiyar gari da jakai ɗauke da damman gero, ya ratsa ta gaban mahauta da masu shayi, yana tsine wa gara da babbar murya. Da ya iso ƙofarmu mutane sun taru a bayansa.

"Abdu! Hito ka ga abin da gara ta yi mani! Ta cinye gindin rumbuna, sauran kaɗan shi kihe. An ce naka na da wuri, ko ƙarya ne?"

Baba ya daɗe yana dubansa. Ya ce, "Akwai wuri."

"To ka taimake ni ka aje mani wanga. Amma ka san halin gero, in ba a taɓa shi ƙwari ke ci. Ka riƙa ɗiba ana dakawa, in kaka ta yi mu yi magana. In na iske ƙwari sun ɓata mani shi don ka ƙi taɓawa, ni da kai ne." Ya waiwayo gare ni. "Kai mai babban baki, tunda ka iya hawa, hau ka karɓa."

Mutane suka yi dariya, har Baba ya yi murmushi. Na hau, suna miƙo mani dami ina jerawa, ƙaiƙayi na cin wuyana, ban taɓa jin daɗin ƙaiƙayi kamar ran nan ba. Da aka gama Arzika ya miƙe ƙafa bisa tabarmar baƙi ya ce shi yau nan zai kwana, a gaya wa Inna yana son tuwo mai zafi. Turmi ya fara tashi a gidanmu. Dogon Bafilacen nan ya iso da garkensa, ya ga mutum kishingiɗe a rumfa, ya ji ƙarar daka, ya ɗan tsaya. Arzika ya ce masa, "Mi kake jira, ko sai an yi maka kiɗi?" Bafilacen ya juya shanunsa zuwa bayan gidanmu. Da safe Baba ya raka shi kasuwa.

Da kaka ta yi, Allah ya ba da damina mai kyau, Baba ya ɗora wa jakai gero ya ce in raka shi ƙauyen Arzika. Muna shiga idona ya kai kan rumbun Arzika. Yana tsaye daram, tsohuwar laka ce, ko alamar gyara babu. A bayan ɗaki kuma na ga tarin ɓawon anza, na gane su ma abin da suka ci ke nan har damina ta fita. Arzika ya lura da inda nake kallo. Ya matso ya dafa kaina ya ce, "Yaro, ka ga ɓarnar gara?" Bakina ya buɗe, sai na ji idon Baba a kaina. Na ce, "Na gani, Baba Arzika. Ta yi ɓarna ƙwarai." Ya ce, "Madalla. Abdu, ɗan naka ya fara hankali."

Yanzu na tsufa, su duka sun riga mu gidan gaskiya. Rumbun Baba ya rushe, gero a buhu yake cikin shago, makiyaya kuma da waya suke ciniki kafin su iso. Wayar nan ita ce take ɗaukar asirin mutum ta kai shi Yamai kafin ya sa takalmi, kuma masu turawa dariya suke yi, kamar yadda na leƙo kai ina kiran Idi. Ni ma ban tsira ba, na sha sakin baki a rayuwata inda ya kamata in yi shiru, kuma ba kullum ake samun mai zuwa da jakai ya gyara ba. Kwanan baya jikata ta dawo daga lakwal ta ce an ba su aiki su sa kalmar fallasa cikin jimla. Na ba ta jimlar Inna, na ba ta ta Kaka, ta rubuta. Sai ta tambaye ni wace kalma ce kishiyarta. Na ce rufin asiri. Ta ce to a sa mata ita ma cikin jimla. Na dubi wurin da rumbun yake a da, sannan na ce ta rubuta: gara ta ci rumbun Arzika.