Nunziata da Maganin Teku

A ƙauyenmu na bakin teku a Sisili, can ƙasar Italiya, duk wanda ya yi kuskuren yin tari a gaban Nunziata mai sayar da kifi, ya shiga uku. Mura, ciwon gwiwa, baƙin cikin soyayya, duk maganinsu ɗaya ne a wurinta: a shiga teku. Ta taɓa tsoma Fada, limamin cocinmu, cikin ruwa da rigarsa don ya ce mata kansa na sarawa. Mura ta kwantar da shi mako biyu, ita kuwa ta ce ai ciwon kan ya tafi.

Tana da shekara sittin da takwas, 'ya'yanta duk suna Jamus, aka zo neman masu riƙon yaran da suka tsallako teku ba iyaye. Ba tausayi ne ya fara kai ta ba, mu da muka san ta mun sani. Maƙwabciyarta Pina ce ta fara zuwa ta ba da nata sunan, Nunziata kuwa gara ta mutu da Pina ta riga ta shiga aljanna. Aka ba ta Luwam, 'yar Eritiriya mai shekara goma sha ɗaya, siririya, mai ɗan jin Italiyanci amma ba ta son amfani da shi.

Nunziata ta ba ta ɗakin da ya fi kowane kyau, wanda tagarsa ke kallon ruwa. Kullum da safe sai ta tarar da yarinyar a ɗakin ajiya, a ƙudundune tsakanin kwalaben tumatir. Ta ce yunwa ce, ta ninka taliya. Yarinyar ba ta ci ba. Ta ce to bakin mutane ne, ta ɗiga mai a kwanon ruwa don karya shi, yadda ake yi a wajenmu, ta zagi Pina ta katanga.

Ilariya, ma'aikaciyar da ke kula da lafiyar hankalin yaran, ta zo ta gaya mata gaskiya. Nan da wata guda za ta kai wa alƙali rahoto, idan yarinyar ba ta saki jiki ba za a mai da ita gidan yara a birni.

"Inna, kin taɓa tambayarta abin da take so? Haƙƙinta ne, doka ta ce a ji ta bakinta."

"Tambaya? Ke 'yar nan, mu da muka girma wa ya tambaye mu? Ga mu nan garau."

Amma maganar ta taɓa ta, don ta riga ta kamu da son yarinyar, ko da yake ko da wuƙa ba za ta amsa ba. Sai ta yanke shawarar yin babban magani. Ranar bikin waliyyin garinmu akan ɗora mutum-mutuminsa a kwalekwale a zaga da shi, yarinya ɗaya cikin farar riga tana riƙe da kwandon furanni. Iyaye har gaba suke yi kan wannan kujera. Nunziata ta tare Jesuwaldo, shugaban bikin, a gaban shagon aski.

"Kai tsohon banza, bana 'yata ce za ta hau."

"Haba Nunziata, jikar Pina fa aka…"

"In gaya wa matarka inda kifin ranar Talata yake zuwa?"

Jesuwaldo ya ce shi ma dama yarinyar ce a ransa.

Ranar biki ta saka wa Luwam farar riga, ta riƙe hannunta, suka gangaro tana ɗaga kai kamar ita ta haifi waliyyin. Masu busa na busa, gari ya cika. Daidai inda titi ya ƙare ruwa ya bayyana, yarinyar ta rungume sandar fitila ta ƙi sakewa. Nunziata ta ja, ta lallaɓa, ta yi alkawarin alewa. Yarinyar ta ƙara ƙanƙame sandar.

"Mene ne? Teku ne fa, ba ya cizo!"

"Kaka, mamata tana ciki."

Nunziata ta saki hannun yarinyar. Kunya ta rufe ta, da baƙin ciki, don wata uku tana cusa wa yarinyar abin da ya cinye uwarta. Jesuwaldo na ihu daga kwalekwale, ta ce masa ya sa farar rigar ya hau da kansa. Jikar Pina ta hau, aka tura kwalekwalen.

Suka koma saman titi inda gidaje suka kare ruwan, suka zauna a dakalin coci, Ilariya ta biyo su. Can yarinyar ta tambayi me ake yi da furannin. Nunziata ta ce Fada ne ke kiran sunayen mutanen garin da teku ya ci, kowane suna a jefa fure ɗaya.

"Mutanen garin kawai?"

Nunziata ta dube ta, ta tambayi sunan mamarta. Abrehet. Ta tattare siket ta zuba a guje, takalmi ɗaya ya tsaya a hanya, ta ture mai busa ƙaho, ta isa ƙarshen gaɓa kwalekwalen ya yi nisa. Ta buɗe maƙogwaron nan da ya shekara hamsin yana tallar kifi, ta kwarma sunan sau uku, har tsuntsaye suka watse. Masu busa suka yi shiru. Daga can nesa aka ji Fada ya maimaita a lasifika, aka ga fure ya faɗa ruwa.

Luwam ta ji daga inda take zaune, ta yi kuka mai yawa, Ilariya ba ta hana ta ba. Da ta lafa, Ilariya ta ce akwai wuri a birni, nesa da ruwa, kuma zaɓin nata ne.

Yarinyar ta share hanci da farar rigar, tana kallon tsohuwar da ke hawowa da ɗingishi.

"Zan zauna. Baɗi ma za a kira sunan, kuma Kaka ba ta faɗe shi daidai ba."