Kazar da Inna Ta Ce In Ɗauko Mata

Ko da tsufa zai cinye mini tunani har in ɓace a hanyar gidana, ba na jin zai taɓa daminar da na yi ina farautar wasu taurari daga garkar bayan gidana a Agiye. Shekaru sun shuɗe, amma har yau idan na fito alwalar asuba na kalli gabas, sai daminar nan ta faɗo mini a rai.

Ni mai hoto ne. Sana'ata ke nan tun ina saurayi: hoton katin ɗan ƙasa, hoton ƴan lakol, wato ƴan makaranta, hoton biki da suna. Da salula ta shiga hannun kowa aiki ya ja baya, sai na juya kyamarata sama. Mutanen unguwa sun sha yi mini tsiya, wai na koma ɗaukar waɗanda ba za su ce hoto bai yi kyau ba. Garkar tawa ba wata babba ba ce, mangwaro ɗaya ne da lemun tsami da ƴan zogale. Nan nake kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, in buɗe mata ido ta yi ta shan hasken taurari a hankali, in ɗauki hoto bayan hoto, daga baya in ɗora su kan juna a kwamfuta har abin da ido ba ya gani ya fito. Aikin haƙuri ne, kuma ba shi da abokin gaba kamar fitila.

Shekarar da aka kafa mana fitilun sola a bakin gudro, wato titin kwalta, da cikin unguwanni, har da ni a masu murna. Kunama ta rage harbin yara, ɓarayin awaki suka sarara mana. Sai dai ɗaya daga cikin fitilun an dasa ta ne daf da katangar garkata ta gabas, ta leƙo kanta ciki kamar maƙwabciya mai son jin gulma. Daga ranar rabin samana ya tafi. Duk hoton da na ɗauka ta wajen gabas, fari fat yake fitowa, ba tauraro ko ɗaya. Na yi gunaguni na haƙura, na koma ɗaukar abin da ke tsakiyar sama.

A ƙarshen wani rani ne na ɗauko mahaifiyata daga ƙauyenmu da ke wajen Gangara, saboda ciwon ido. Likita ya duba ta, ya ja ni gefe ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa, ba yana ba ce balle a kankare. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura ƴar ƙofa, tana ganin abu mai haske idan an kawo shi daf da fuskarta, kuma bai ga alamar wannan ɗin ma zai kai kaka ba.

Ni ne ɗan farinta, don haka tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta zama mu yi hira, ba ta taɓa cewa in sayo mata ko goro ba. In tana da magana da ni, matata take gaya wa, ko da ina zaune a wurin. Haka muka taso muka gani, ban taɓa ɗaukarsa rashin so ba, amma ba zan ɓoye ba, ƙanena da ke ƙauye ya sha ba ni haushi yadda take kiransa gatsau tana aikensa.

Cikin ƴan kayan da ta taho da su har da wata tsohuwar gora cike da irin gero, an toshe bakinta da tsumma da toka. A gidanmu babbar mace ce ke riƙe iri. Ba a buɗe gorar sai ta fita da asuba ta ga Kaza da ɗiyanta, wato taurarin nan da ke cure wuri ɗaya, sun sake ɓullowa ta gabas bayan ɓacewar da suke yi lokacin bazara. In ta gan su sai ta dawo ta ce damina ta tsaya, ta ɗebi iri da hannunta ta ba kowane magidanci ya gauraya da nasa. Daga uwar mijinta mahaifiyata ta gada, kuma ba ta taɓa fashi ba.

Wata rana da la'asar ina gyaran kyamara a tsakar gida, sai na ji Inna ta ce wa matata, “Ke, wai an ce mai gidan naki taurari yake ɗauka?”

Matata ta yi dariya ta ce, “Su yake ɗauka, Inna, tun da mutane sun guje shi.”

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, “To ki ce mashi ya ɗauko mani Kaza. Idon nan ba ya kai sama yanzu. In na gan ta a jikin abin nasa, sai in aika masu da iri.”

Na tashi da rawar jiki na ɗauko wani hoton Kazar da na yi lokacin ɗari, sa'ad da take tsakiyar sama, na sa a salula na miƙa. Ta kawo shi daf da ido ta duba, ta tambayi matata ko na yaushe ne. Da ta ji, sai ta mayar. “Wagga ta ɗari ce, ba ta ce ma kowa komi. Hitowarta ta bana nike so, ta asuba.”

Abu na farko ke nan da uwata ta taɓa nema a wurina, kuma a daidai inda Kazar za ta ɓullo fitilar nan take tsaye.

Na fara gwadawa daga garkar. In tashi kafin kiran sallar fari, in kafa kyamara, in kare mata haske da kwali, in koma bayan mangwaro, in hau kan bakin rijiya. Duk a banza. Kazar tana fitowa ne ƙasa-ƙasa, ɗan lokaci kaɗan kafin gari ya waye, kuma wannan ɗan wurin fitila ta cinye shi, abin da ta rage kuma fitilun manyan motocin da ke bin gudro su ƙarasa. Kullum da safe in na shiga gaishe ta, sai ta tambayi matata, “An samu?” Matata ta ce, “Tukuna, Inna.” Sai ta ce, “To, Allah shi sa.”

Da na ga haka sai na ɗaure kaya a moto, wato babur, na tafi ƙauye na kwana wurin ƙanena, don can babu fitila. Da asuba na fita bayan gari na kafa kyamara. Abin da ban lissafa ba shi ne lokacin ɓarayin shanu sun hana mutane barci, magidanta suna sintiri. Suka hango mutum a duƙe bayan wani dogon abu mai ƙafa uku, ya saita shi, suka ɗauka bindiga ce. Kafin in ce ni ne, sanda ta sauka a kafaɗata, wata ta karya ƙafar kyamara ɗaya. Sai da ƙanena ya zo a guje yana kiran sunan babanmu sannan suka ja da baya, suna ba da haƙuri. Ban ga laifinsu ba, ko ni ne abin da zan yi ke nan. Kafin a gama salati da jajantawa rana ta fito. Mai gari ya ce mini cikin mutunci, “Ɗana, wanga zamani ba na tsayuwa a daji da duhu ba ne. Yau sanda ce, gobe ba mu san mi za a ɗauko ba.” Na koma Agiye da kumburarriyar kafaɗa, na ɗaure ƙafar kyamara da kara da robar taya.

Na dawo na tarar Inna ta fara laluben buta da ƙafa. A nan ne tsoro ya shige ni sosai, na ajiye kunya na tafi wurin mai unguwa na roƙe shi a kashe mini fitilar nan na asuba ɗaya. Ya dube ni kamar na zo da maganar hauka. “Mu da muka sha wuya kahin a ba mu haske, kai kuma duhu kake roƙo?” Da na ba shi labarin Inna da gorarta sai ya sauko, don shi ma uwarsa mai riƙon iri ce a garinsu. Fitilar ba ta da makunni, amma wani maƙwabcina mai walda ya ce in aka rufe pano, wato farantin da ke kanta mai zuƙar haske, da rana, batir ba zai cika ba, za ta mutu da kanta kafin asuba. Mai ƙosan da ke zama ƙarƙashinta ta ce ita fa da asuba take hura wuta, wa zai tsare mata kunama? Matata ta je ta same ta, ban san abin da suka ce wa juna ba, ta dai yarda za ta zo da cocila. Mai unguwa ya ce rana ɗaya tak, kada ya ji an sake.

Da safe mai walda ya kafa tsani ya ɗaure tsohuwar tabarma a kan pano, mutane suna wucewa suna tambaya ko fitilar ce ke jin zafi. Ni dai ban iya ko cin abinci ba ranar.

Na fito garka tun kafin kiran sallar fari. Fitilar ta yi ja, ta yi ta lumshewa, can ta mutu. Wayyo, na manta haka sama take! Taurari har bakin katanga. Na saita kyamara inda Kazar za ta ɓullo, na tsaya jira. Sai na ji iska mai sanyi ta taɓa mini wuya, ganyen mangwaro ya fara kaɗawa. Na duba gabas na ga taurarin ƙasa suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, walƙiya tana wasa a bayansu. Hadari ne, kuma hadarinmu ta gabas yake tasowa. Na tsaya ina cewa ya Allah ɗan jinkiri kaɗan, ni da na yi shekaru ina bin sahun masu roƙon ruwa. Kafin ladan ya gama kira, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Na lulluɓe kyamara da rigata, na zauna gindin mangwaro ruwa na dukana, ina jin guɗar mata daga maƙwabta. Duk garin murna ake yi, ni kaɗai nake kuka, kuma ban taɓa jin kaina a wulaƙance kamar asubar nan ba.

Da hantsi ƙanena ya kira, muryarsa cike da farin ciki, ya ce ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, suna gona suna shuka. Na ce da wane iri? Ya ce wanda ya saya a kasuwa, mai saurin nuna, ai ba za su zauna danshi ya wuce ba. Gaskiyarsa ce, mai iyali ba ya wasa da ruwan farko. Amma Inna tana zaune a ƙofar ɗaki, ta ji komai. Bayan azahar ta jawo gorar ta tura wa matata. “Ki daka shi ki yi muna hura, kada ƙwari su ci.” Matata ta karɓa ta kai ɗaki ta ɓoye, ta dama furar da wani geron.

Na ɗauka maganar ta mutu ke nan, amma washegari da na shiga gaisuwa sai na ji Inna ta ce wa matata, “An samu?” An kwance tabarma, fitila ta dawo, sama kuma ta rufe da gajimare kwana da kwanaki. Na ci gaba da fita duk asuba, ba don ina da sauran fata ba, sai don ban san yadda zan daina ba.

Sai da gero ya kai gwiwa sannan na dace. Kazar kullum tana ƙara sammako tana ƙara hawa, har ta haye saman hasken fitilar, kuma aka wayi wata asuba sama ta wanku tas bayan ruwa. Na same ta. Ban taɓa yin hoto mai kyansa ba, uwar da ɗiyan suna ƙyalli shuɗi-shuɗi a saman ganyen mangwaro. Ko karyawa ban yi ba na haɗa shi, na sa a salula, na ƙure haskenta, na shiga ɗakin Inna da matata a bayana.

“Inna, an samu,” in ji matata.

Ta miƙo hannu, ba daidai inda nake ba, na sa mata salular a tafi. Ta goge gilashin da bakin mayafinta, kuma garin gogewa ta danne maɓallin gefe, hoton ya ɗauke. Na buɗe baki zan ce ta kawo in kunna, sai na ga ta kai baƙin gilashin nan daf da idonta, fuskarta ta washe.

“Ma sha Allah,” ta ce. “Ga ta nan kuwa. Ga uwar, ga ɗiyan sun kewaye ta.” Ta ɗora yatsa a kan gilashin tana nuna su ɗaya-ɗaya. “Ta hito da kyau bana. Allah shi yi albarka.”

Matata ta toshe baki da gyale ta fice. Ni kuwa na durƙusa a wurin ina cewa amin, amin, har ta gama kallonta ta miƙo mini. Ban gaya mata ba, ita ma ba ta taɓa gaya mini yaushe idon ya rufe ba. Ta ƙara wasu shekaru a gidana cikin duhu kafin Allah ya karɓi abinsa, ba ta sake tambayar wani tauraro ba.

Abin da wannan damina ta koya mini mai ɗaci ne. Mutum yana iya yin iyakar ƙoƙarinsa, unguwa guda ta taya shi, lokaci kuma ya ƙi jiransa, ba tare da laifin kowa ba. Na kuma gane cewa duk tsawon kwanakin nan da nake ganin ni ne ke wahala don in faranta wa Inna rai, ita ce take lallaɓa ni. Ko a ranar da hasken duniya ya ƙare mata, abin da ya dame ta shi ne kada ɗanta ya fita daga ɗakin nan hannu rabbana.