Ranar da Kawun Amarya Ya Tafa Mini a Shari'ar Auren Jinsi

Ko da zan tsufa in manta sunan layin gidanmu a Hausari, ba na jin zan manta da ranar da na tsaya gaban jama'a ina kare auren jinsi, ga kawun yarinyar da nake nema a bencin baya yana tafa mini iya ƙarfinsa. Har yau in na tuna sai in yi ta dariya ni kaɗai a cikin mota, amma a lokacin kam wallahi ba abin dariya ba ne, aurena ne ya kusa wargajewa.

Muna shekarar ƙarshe a sashen koyon lauya na jami'a, nan Maiduguri. Akwai abin da ake yi wa ɗalibai da muke kira kotun gwaji: a ƙirƙiro ƙara wadda ba ta faru ba, a raba ɗalibai gida biyu, a sa musu baƙar riga da hular gashin nan ta lauyoyi, su yi ta fafatawa da Turanci gaban malami kamar da gaske. Ba kai ke zaɓen ɓangarenka ba, ƙuri'a ake jefawa. Malaminmu kuwa wani mutum ne mai son ya ga ɗalibi na zufa. A wancan lokacin ba abin da ake ji a rediyo sai zancen auren jinsi, nan gida an kafa dokar hana shi, can ƙetare kuma kotuna na ta ja-in-ja a kai. Sai ya ɗauko shi ɗungurungum ya dire mana: wasu maza biyu, na ƙirƙira, sun kai gwamnati ƙara cewa dokar ta tauye musu haƙƙi. Kowa na addu'a a ransa kada ƙuri'a ta faɗo kansa.

Ni ta faɗo wa. Ni ne lauyan maza biyun nan. Ban gama salati ba sai aka zaro lauyan gwamnati, sai ga sunan mutuniyar tawa, yarinyar da nake nema, don ajinmu ɗaya, wadda magabatana suka riga suka je gaisuwa gidansu. 'Yar unguwar Shehuri ce, Babarbariya, mahaifinta malami ne da ake ɗaukar karatu a zaurensa. Da muka fito ta gyara laffayarta, dogon mayafin nan na matan Maiduguri, ta dube ni tana danne dariya, ta ce, “To Barista, Allah ya ba da sa'a. Amma ka sani ba zan raga maka ba.” Na ce mata ni ma ba zan raga ba.

Na je na sami malamin na ce a yi mini afuwa, ni Musulmi ne, ɗan gidan mutunci. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, “Su ma waɗanda za su zo ofishinka gobe, ba waɗanda ka zaɓa ba ne. In ba za ka iya ba, ka koma shagon babanka ka auna shinkafa.” Maganar ta ci mini rai ƙwarai, kuma haushinta ne ya sa na duƙufa. Na karance kundin tsarin mulki kamar zan cinye shi, na bi hukunce-hukuncen kotunan waje, wanda ya yarda da wanda ya ƙi. Gida kuwa ban faɗa wa kowa ba. In Inna ta tambaye ni abin da nake ta gunaguni a ɗaki, sai in ce karatu ne.

Abin da ban sani ba shi ne, a daidai makonnin nan ne gidan su yarinyar suke bincike a kaina. Kun san al'ada, kafin a ba mutum 'ya sai an tura wani ya bi sawunsa a ɓoye, ya ji halinsa, ya ga abokansa. Wanda aka ɗora wa aikin ƙanen mahaifiyarta ne, wani dattijo Bashuwa, dillalin shanu a kasuwar dabbobi, dogo, mai murya kamar ana kiran garke daga tsallaken kogi. Ya riga ya zaga Hausari, ya sha shayi da maƙwabtanmu, bai samo komai ba. Sai ya ce bari ya je makarantar da kansa. Aka yi rashin sa'a, ko in ce sa'a, ya dira ranar kotun gwajin. Ya tambayi inda nake, wani ɗalibi mai neman fitina ya kama hannunsa ya kai shi har cikin zauren, ya ba shi benci.

Kawu ya iya Larabcin Shuwa, ya iya Barbarci, ya iya Hausa, har Fillanci yana taɓawa. Turanci kuwa ko na gaisuwa babu.

Ni ban gan shi ba. Na miƙe, hular gashin tana ƙaiƙayi, fanka a tsaye babu wuta, zufa na bin bayana. Na fara a hankali, na ce tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin sirrin gidansa da haƙƙin tarayya da wanda ya so, bai ce ban da wane da wane ba. Na ce haƙƙin da ake ba mutum sai in jama'a na ƙaunarsa ba haƙƙi ba ne, kyauta ce. Daga nan sai abin ya ɗauke ni. Na buga tebur, na nuna kujerun da aka zaunar da 'yan ajinmu biyu a matsayin masu ƙara, waɗanda suka sunkuyar da kai don kunya kamar an kama su da akuyar maƙwabci. Na ce mutanen nan biyu ba su zo da sanda ba, ba su zo da wuƙa ba, kotu suka zo, a saurare su. Ban sauke numfashi ba na ji wata murya ta tsaga zauren da Hausa: “Gaskiya ne, yaro! A ba bayin Allah haƙƙinsu!”

Na juya. Kawu ne tsaye, babbar riga ta zame daga kafaɗa, yana tafi. Zauren ya kece da dariya, wasu har da kwanciya kan benci. Shi kuwa ya ɗauka murna ake taya shi, sai ya ƙara ƙarfin tafin. Malaminmu ya buga guduma yana cije leɓe. Ni dai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, da riga da hular duka.

Sai mutuniyar ta miƙe. Kai, yarinyar nan ta wanke ni tas. Ta ce aure ba sirrin ɗaki ba ne, al'amari ne na jama'a, kuma a ƙasar nan addini da al'ada da doka duk sun haɗu kan ma'anarsa. Ta ce shi tsarin mulkin da nake ta ɗagawa, shi ne ya ba majalisa ikon taƙaita haƙƙi don kare tarbiyyar jama'a, kuma hukuncin alƙalan wata ƙasa ba ya ɗaure tamu. A ƙarshe malamin ya yanke cewa a doka gwamnati ce ta ci, amma a iya tsayuwa gaban kotu ni ne na ɗaya. Aka kira ni aka ba ni hannu. Kawu dai abin da ya gani ke nan, an kira ni an ba ni hannu.

A waje ya rungume ni har ƙasusuwana suka yi ƙara. Ya ce ya sha ganin lauyoyi, amma bai taɓa ganin mai tausayin talaka irina ba. Ya juya wurin 'yar 'yar'uwarsa ya ce, “Ke kuma ki ji tsoron Allah, me bayin Allahn nan suka yi miki kike ta yarfa su? Wai ma me aka ƙwace musu?” Na zuba mata ido ina roƙonta da fuska. Ta yi wani fari da ido, ta ce, “Kawu, ai shi ne ya yi nasara. Shi ya kamata ya yi muku bayani, kai da Baba, da Hausa.” Ta ja laffayarta ta tare keke ta tafi abinta.

Ba a kwana biyu ba saƙo ya iso Hausari, wai Malam, mahaifinta, na son ganina bayan la'asar. Kowa ya san mai neman aure ba ya zama gaban suruki haka kawai, don haka Inna ta yi ta murna tana cewa an karɓe ni hannu bibbiyu. Ni kuwa na shirya na tare keke. A cikin keke, tun daga bakin layinmu har muka shiga Shehuri, lissafi nake yi. In na faɗi gaskiya, ta yiwu a tattaro kayan gaisuwarmu a maido kafin magariba, kuma sunana ya gama lalacewa a unguwa biyu. In na ce rikicin fili ne, wa zai ƙaryata ni? Kawu ba ya jin Turanci, Malam bai je ba, ita kuma na tabbata ba za ta tona mini asiri ba.

Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa bakin tabarma. Zauren na ƙamshin turaren wuta. Malam na zaune kan buzu, carbi a hannu, ya amsa gaisuwata da Barbarci, “Wushe, wushe.” Kawu ne ya cika zauren da zance. Ya kwaikwayi yadda na buga tebur, ya kwaikwayi yadda na nuna yatsa, ya ce ya ba duk 'yan kasuwar shanu labari cewa surukinsu zaki ne. Sannan ya ɓare goro ya jefa a baki, ya ce, “To ɗana, fassara wa Malam. Gado aka cinye musu ko? Ko fili ne gwamnati ta ƙwace? Ni dai na ce fili ne.”

Kun ji fa, shi da kansa ya buɗe mini ƙofar ƙarya, saura in sa ƙafa. Har na buɗe baki, kalmar fili na kan harshena. Sai na ga Malam ya daina jan carbin, yana dubana kawai. Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na ce, “Allah gafarta Malam, ba fili ba ne. Shari'ar gwaji ce ta makaranta, mutanen ma babu su. Maza ne biyu suke neman kotu ta ba su damar auren junansu, ni kuma ƙuri'a ta sa na zama lauyansu.”

Goron ya faɗo daga bakin Kawu ya gangara kan tabarma. Ya ce, “Auren wa?” Na maimaita. Ya dafe hularsa da hannu biyu ya shiga salati da Larabci, ya koma Barbarci, ya dawo Hausa. “Innalillahi! Ni na miƙe gaban jama'a na ce a ba su haƙƙinsu? Ni? Da furfurata? Ashe dariyar da yaran nan ke yi, ni suke yi wa!”

Malam ya ɗaga masa hannu, ya juyo gare ni. Ya ce, “Kai ka yarda da abin?” Na ce a'a, addinina ya hana, kuma ban sauya ba. Ya ce, “To me ya sa ka yi zufa haka a kai? Ai da ka yi sako-sako ka faɗi.” Na ce da farko haushin malaminmu ne, amma da na yi nisa a karatun sai na fahimci wani abu. In mutum ya zo gaban alƙali aka rasa mai yi masa magana tsakani da Allah, to ba shari'a aka yi ba, kuma in kotu ta rufe ƙofa, 'yan sanduna da duwatsu ne ke yanke hukunci a titi. Na ce wannan kam ban yarda a yi wa kowa ba, ko wane ne shi. Na faɗa, na sunkuyar da kai ina jiran a ce in tashi.

Sai na ji wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Malam ne. Ya ce, “Yaro, wata guda 'yata na zagaye tsakar gidan nan tana haddace hujjojinta, har kajin gidan sun iya. Ni na riƙa zama mata alƙali tana fassara mini. Na san ƙarar nan tun kafin wannan ya je ya yi mana tafi.” Ya nuna Kawu da carbi. “Zama na yi in ji ko za ka ce fili. Da ka ce fili, da yau kayanku sun kwana a Hausari. Wanda ya iya faɗa mini wannan a cikin zaurena, ba zai ɓoye wa 'yata komai ba. Ka ce wa magabatanka su zo a sa rana.”

Daga bayan labulen da ya raba zauren da cikin gida na ji an fashe da dariya, aka kuma ruga da gudu. Ba sai an gaya mini ko wace ce ba.

Kawu ya yi fushi da ni har ranar ɗaurin aure, kuma ya ɗan ɗauke ƙafa daga kasuwa, don labarin ya riga shi isa can. Yana shiga sai dillalai su haɗa baki su ce a ba bayin Allah haƙƙinsu. Amma shekaru bayan haka, da aka kama masa shanu a hanya, ofishina ya zo, ya zauna ya ce in buga tebur irin na ran nan, sai dai wannan karon ya sa aka fara fassara masa komai kafin ya yi tafi. Ita kuwa uwar 'ya'yana har gobe cewa take ita ce ta ci shari'ar, ni surutu kawai na fi ta.

Abin da ranar nan ta koya mini ya bi ni duk tsawon aikina. Sauraron mutum da tsaya masa gaban alƙali ba yarda da shi ba ne, haƙƙinsa ne. Sannan duk lokacin da aka buɗe mini ƙofar ƙarya mai sauƙi, sai in tuna Malam da carbinsa a tsaye. Na ɗauka gaskiyar ce za ta raba ni da matata, ashe da na ce fili ne da yau wani ne mijinta.