Ranar da Fiyanon Tasi'u Ya Ƙi Magana

Wata rana, Asabar da ƙarfe goma na safe, Tasi'u ya kunna kwamfutar situdiyonsa na ɗaukar waƙa a Kano, ta ce ya jira, tana sabunta kanta.

Ya jira. Ta gama. Ya danna fiyano.

Shiru.

Fitilar fiyanon na ci, sifika lafiyarta ƙalau. Amma kwamfutar ta yi kamar ba ta taɓa saninsa ba, alhali shekara huɗu waya ɗaya ke haɗa su, wadda masu sana'ar ke kira midi. Ita ke sanar da kwamfuta duk inda yatsa ya taɓa.

A kujerar da ke bayansa, Gwaggo Tabawa na zaune, jakarta a cinya.

Tsohuwar mawaƙiyar amada ce. Tun bayan asuba ta baro ƙauyensu a bayan Ɗambatta. Ranar Litinin za a yi mata aiki a maƙogwaro, kuma likita bai ɓoye mata ba: muryar na iya dawowa, tana iya ƙi.

Waƙa ɗaya take so ta bar wa jikokinta. Motar ƙauyensu ta ƙarshe kuwa bayan la'asar take tashi.

Matan da ke kaɗa mata ƙwarya sun rasu, saura ɗaya, ita ma ba ta fita. Hannun Gwaggo yanzu rawa yake yi. Shi ya sa Tasi'u ya yi mako guda yana tara sautin ƙwarya a kwamfuta, don ya kaɗa mata da fiyano, yana bin muryarta duk inda ta karkata.

Ya canza waya. Shiru.

Ya canza ramin da ake soka ta. Shiru.

Ya aro fiyanon situdiyon da ke sama, ya sauko da shi a kafaɗa yana haki. Shi ma shiru.

Bilya mai gyaran waya ya leƙo daga shagonsa, ya kalli allon sau ɗaya.

"Mutumina, fomatin kawai za a yi wa kwamfutar, a goge komai. Zuwa gobe ta dawo sabuwa fil."

"Sautin ƙwaryar fa?"

"Ai sai dai haƙuri."

"To koma shagonka."

Azahar ta yi. Ya dawo daga masallaci bai ci komai ba, ya zauna, ya juyo.

"Gwaggo, ko za ki yi haka nan? In ya so na sa kiɗan daga baya."

"Ni? Waƙa gaya? Ɗan nan, ko tuwo ba na ci gaya."

Ya sake duƙawa ƙarƙashin tebur yana jan wayoyi. Ta yi ta kallon ƙeyarsa. Can ta ce:

"Wannan igiyar da kake ta wahalarwa, jiya ta yi aiki?"

"Ta yi, Gwaggo."

"Abin kiɗan fa?"

"Shi ma."

"To me ya canza daga jiya zuwa yau? Ni idan ƙwaryar da muka kifa a ruwa ta sauya murya, ba na zagin ƙwarya. Ruwan nake dubawa. Wa ya ƙara, wa ya rage."

Tasi'u ya fito daga ƙarƙashin teburin a hankali.

Awa huɗu yana tuhumar abubuwan da ba wanda ya taɓa su. Abu ɗaya ne ya canza a ɗakin nan, kuma a gaban idonsa ya canza, da ƙarfe goma.

Ya buɗe jerin kayan da kwamfutar ke gani. Ga sunan fiyanon can ƙasa, da alamar gargaɗi ruwan ɗorawa a gefensa. Ƙaramar manhajar da ke tafinta tsakanin fiyanon da kwamfutar ce ta tsufa, sabon tsarin ya daina jin yarenta.

Ya shiga shafin kamfanin da ya ƙera fiyanon, ya fara sauke sabuwa. Intanet ya yanke a rabi. Ya sake. Ya yanke. Ya fita bakin titi da wayar salularsa a sama, ya tsaya cikin rana har manhajar ta sauka a cikinta, ya dawo ya tura ta cikin kwamfuta.

Ya kashe, ya kunna. Alamar gargaɗin ta ɓace.

Ya danna.

Shiru.

Ƙarfe uku saura kwata. Bai tashi ba, bai taɓa waya ba. Ya sake yi wa kansa tambayar Gwaggo: me kuma ya canza?

Ya buɗe manhajar ɗaukar waƙa, ya shiga saitinta. Ɗan akwatin da ke gaban sunan fiyanon fayau yake, sabuntawar ta goge zaɓinsa. Ya mayar da alamar.

Ya ɗora yatsa ɗaya.

Dum.

Gwaggo Tabawa ta ajiye jaka, ta gyara ɗaurin zani, ta miƙe gaban makirfo ba tare da an ce ta tashi ba.

Sau ɗaya ta rera waƙar. Minti goma sha ɗaya, ta kira sunan jikokinta goma sha huɗu, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Yatsun Tasi'u na binta, in ta ja ya ja, in ta sassauta ya sassauta.

Da ya sa mata ta saurara, ta rufe ido har ƙarshe. Sannan ta ce:

"Ƙwaryarka ta biyu ruwa ya yi mata yawa. Amma bar ta haka."

Ya zuba waƙar a wayarta, ya ɗauke ta a babur zuwa tasha. Kujera ɗaya ta rage a motar.

Darasi: Idan abin da ya yi aiki jiya ya tsaya yau, kada ka fara da rushe komai, kada ka huce a kan wanda bai canza ba. Nemo abin da ya canza. In ka gyara bai tashi ba, sake yin tambayar.

Akwai wani a cikin mutanenka da ke ƙarƙashin tebur yanzu yana jan wayar da ba ta da laifi. Tura masa wannan.